James S. Coleman

Wannan shafi yana magana ne a kan masanin ilimin zamantakewa. Masanin kimiyyar siyasa da ya yi rubutu a kan Najeriya shi ne James Smoot Coleman.

James Samuel Coleman (an haife shi ranar 12 ga Mayu, 1926, ya rasu ranar 25 ga Maris, 1995) masanin ilimin zamantakewa ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins da Jami'ar Chicago. An fi saninsa da manyan bincike-binciken da ya jagoranta a makarantu, waɗanda a cikinsu ake raba wa dubban ɗalibai da malamai takardun tambayoyi da gwaje-gwaje, a tattara amsoshin, sannan a yi nazarinsu ta hanyar lissafi. Mafi shahara a cikinsu shi ne rahoton da aka wallafa a shekarar 1966 mai taken Equality of Educational Opportunity, wato daidaiton damar samun ilimi, wanda duniya ta fi sani da Rahoton Coleman.

Ya wallafa littattafai kimanin talatin, idan aka haɗa da waɗanda ya rubuta tare da wasu da waɗanda ya tace, da maƙalu masu ɗimbin yawa a mujallun ilimi. Rahoton 1966, da maƙalarsa ta 1988 a kan jarin zamantakewa, da littafinsa na 1990 mai suna Foundations of Social Theory, suna cikin ayyukan da aka fi ambata a rubuce-rubucen masana zamantakewa da masana harkar ilimi. Wani ɓangare na wannan ambato ya fito ne daga masu sukar ayyukan nasa da masu sake lissafa alƙalumansa.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Coleman a garin Bedford da ke jihar Indiana, daga baya iyalinsu suka koma birnin Louisville a jihar Kentucky, inda ya yi sakandare. Ya shiga rundunar sojin ruwan Amurka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1949 ya sami digirinsa na farko a fannin injiniyan sinadarai daga Jami'ar Purdue, ya kama aiki a kamfanin Eastman Kodak. Bai daɗe a can ba ya ajiye aikin, ya tafi Jami'ar Columbia da ke New York don karanta ilimin zamantakewa, ya kammala digirin digirgir a 1955.

A Columbia ya yi karatu a hannun Paul Lazarsfeld, Robert K. Merton da Seymour Martin Lipset. Lazarsfeld na cikin waɗanda suka aza harsashin binciken tambayoyi na zamani, Merton kuwa ya yi fice wajen ra'o'in nazarin al'umma. Daga wurinsu Coleman ya ɗauki ɗabi'ar haɗa ra'i da alƙaluma, kuma horonsa na injiniya ya sa lissafi bai zame masa cikas ba. Ya fara koyarwa a Jami'ar Chicago a 1956, ya koma Johns Hopkins a 1959 inda ya kafa sashen nazarin hulɗar zamantakewa, sannan ya dawo Chicago a 1973 ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Rubuce-rubucensa na farko

Littafin farko da sunansa ya fito a kai shi ne Union Democracy na 1956, wanda ya rubuta tare da Lipset da Martin Trow, a kan siyasar cikin gida ta wata ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i. Shekara guda bayan haka ya fitar da Community Conflict, ƙaramin littafi a kan yadda rikici ke tashi ya bazu a cikin gari.

Aikinsa na farko a kan makarantu shi ne The Adolescent Society na 1961. An gina shi a kan amsoshin ɗaliban makarantun sakandare goma a jihar Illinois. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce da me ɗalibi yake so a riƙa tunawa da shi bayan ya bar makaranta: da hazaƙa a karatu, ko ƙwarewa a wasanni, ko farin jini. Samari da yawa sun fifita wasanni a kan karatu. Coleman ya bayyana cewa matasa suna da tasu al'umma a cikin makaranta, mai nata ma'aunin daraja, kuma abin da sa'o'in ɗalibi suke girmamawa yana iya rinjayar abin da malamai suke so. Wannan batu na tasirin abokan karatu ya ci gaba da bayyana a duk ayyukan da ya yi daga baya.

A 1964 ya wallafa Introduction to Mathematical Sociology, a kan amfani da lissafi wajen nazarin al'umma. A 1966 kuma shi da Elihu Katz da Herbert Menzel suka fitar da Medical Innovation, wanda ya bi diddigin yadda likitoci a garuruwa huɗu na Illinois suka fara rubuta wa marasa lafiya wani sabon magani, da rawar da zumuncin likitocin ya taka wajen yaɗuwar maganin. Masu nazarin yaɗuwar sababbin abubuwa har yanzu suna ambaton wannan littafi, kuma an sake nazarin alƙalumansa fiye da sau ɗaya.

Rahoton Coleman na 1966

Sashe na 402 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya umarci Kwamishinan Ilimi na Amurka da ya gudanar da bincike, ya miƙa rahoto cikin shekara biyu, a kan rashin daidaiton damar ilimi a makarantun gwamnati saboda launin fata, addini ko asali. An ɗora wa Coleman jagorancin aikin. Sauran marubutan rahoton su ne Ernest Q. Campbell, Carol J. Hobson, James McPartland, Alexander M. Mood, Frederic D. Weinfeld da Robert L. York.

An tattara bayanan a ƙarshen 1965 daga ɗalibai kimanin 600,000 da malamai kimanin 60,000 a makarantu kusan 4,000. An yi wa ɗaliban aji 1, 3, 6, 9 da 12 gwaje-gwaje, daga ciki har da na fahimtar kalmomi, karatu da lissafi. An kuma yi tambayoyi a kan gidajensu, irin su matakin karatun iyaye, yawan 'yan'uwa, da ko akwai littattafai a gida. Malamai da shugabannin makarantu sun ba da bayani a kan horonsu, albashinsu da kayan aikin makaranta. Rahoton ya fito a farkon watan Yuli na 1966, yana da shafi 737.

Manyan abubuwan da ya gano sun haɗa da waɗannan:

Wariya ta yi katutu. Kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai fararen fata suna zuwa makarantun da kashi 90 zuwa 100 na ɗalibansu farare ne. Fiye da kashi 65 cikin 100 na ɗalibai baƙaƙen fata 'yan aji ɗaya suna makarantun da kashi 90 zuwa 100 na ɗalibansu baƙaƙe ne.

Akwai tazara mai faɗi a sakamakon gwaji tun daga aji ɗaya, kuma makaranta ba ta cike ta. A biranen arewa maso gabashin ƙasar, ɗalibai baƙaƙen fata suna bayan farare da kimanin shekarar karatu 1.6 a aji 6, da 2.4 a aji 9, da 3.3 a aji 12.

A cikin yanki guda, bambancin gine-gine, ɗakunan gwaje-gwaje, littattafai da albashin malamai tsakanin makarantun farare da na baƙaƙe bai kai yadda aka zata ba. Shi kansa Coleman ya shiga aikin yana tsammanin samun gagarumin bambanci.

Mafi yawan bambancin sakamako yana tsakanin ɗaliban da ke cikin makaranta guda ne. Da aka cire tasirin gidan da yaro ya fito, kayan aikin makaranta da kuɗin da ake kashe mata sun bayyana kaɗan ne daga cikin abin da ya rage.

Cikin abubuwan da suka shafi makaranta, irin gidajen da abokan karatun yaro suka fito ya fi komai alaƙa da sakamakonsa, musamman idan yaron ɗan talakawa ne. Halayen malamai suna biye, musamman ƙwarewarsu a harshe.

Yaran da suka yi imanin cewa ƙoƙarinsu ne ke tsara makomarsu sun fi samun maki a kan waɗanda suke ganin komai sa'a ce.

Kafin wannan rahoto, ana auna daidaito a ilimi ne da abin da ake zubawa a makaranta: kuɗi, gini, yawan malamai. Rahoton ya karkata hankali zuwa ga abin da yaro ya koya. Masana da dama suna ɗaukar wannan sauyin ma'auni a matsayin babban gadon da ya bari, ko da kuwa ba su yarda da sauran sakamakonsa ba.

Suka da sake nazari

Tun daga shekarar da ya fito aka fara taƙaddama a kansa. Daniel Patrick Moynihan da Thomas Pettigrew sun shirya zaman nazari na malamai a Jami'ar Harvard don sake bin alƙaluman, abin da ya haifar da littafin On Equality of Educational Opportunity na 1972, wanda Frederick Mosteller da Moynihan suka tace. A wannan shekarar ce Christopher Jencks da abokan aikinsa suka fitar da Inequality, wanda shi ma ya dogara sosai da bayanan rahoton.

Babbar sukar da aka yi ta shafi hanyar lissafi. Samuel Bowles da Henry Levin, a wata maƙala ta 1968 a mujallar Journal of Human Resources, sun nuna cewa masu rahoton sun fara shigar da bayanan gida cikin lissafin kafin na makaranta. Tunda 'ya'yan masu hali su ne galibi ke zuwa makarantu masu kyau, abubuwan biyu a haɗe suke, kuma duk wanda aka fara shigarwa shi zai kwashe kason da suka yi tarayya a kansa. Da an fara da makaranta, da kasonta ya ƙaru. Glen Cain da Harold Watts sun yi irin wannan suka a 1970, haka ma Eric Hanushek da John Kain a littafin 1972.

An kuma yi ƙorafin cewa bayanan na lokaci guda ne, ba a bi yaro shekara bayan shekara an ga yadda yake ci gaba ba, don haka da wuya a ce wannan ne ya haddasa wancan. Makarantu da yawa, har da na wasu manyan birane, sun ƙi shiga binciken. Duk da haka, yawancin waɗanda suka sake lissafin a wancan lokaci sun tarar cewa babban sakamakon, wato ƙarfin tasirin gida, yana nan daram.

Fassarar da ta bazu a jaridu, cewa makaranta ba ta da wani tasiri, ta wuce abin da rahoton ya faɗa, domin shi yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin wata makaranta da wata. Martani ga wannan fassara ya haifar da reshen bincike na musamman a kan makarantu masu inganci. Daga cikin ayyukansa na farko akwai Fifteen Thousand Hours na Michael Rutter da abokan aikinsa a Ingila, da maƙalar Ronald Edmonds a kan makarantun 'ya'yan talakawan birni, dukkansu a 1979. A 2010 Geoffrey Borman da Maritza Dowling sun sake nazarin bayanan ɗaliban aji 9 da hanyar lissafi mai matakai, wadda babu ita a 1966, suka sami cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na bambancin sakamako yana tsakanin makarantu ne.

An gwada sakamakon a wajen Amurka ma. Stephen Heyneman ya yi bincike a makarantun firamare na Yuganda, ya wallafa a 1976, inda ya ga alaƙar matsayin iyaye da makin yara ba ta da ƙarfi kamar a ƙasashe masu masana'antu. A 1983 shi da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka ce a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da malamai ya fi bayyana sakamako a kan gida. David Baker da abokan aikinsa sun sake gwada wannan a 2002 da bayanan shekarun 1990, suka ga bambancin ya dusashe sosai. Manyan gwaje-gwajen da ake yi a yanzu, kamar PISA da TIMSS, da PASEC wanda Nijar, Chadi da Kamaru suke shiga, duk suna haɗa gwajin ɗalibi da tambayoyi a kan gidansu da makarantarsu, tsari irin wanda aka bi a 1965.

Taƙaddamar 1975

Masu fafutukar haɗa ɗalibai farare da baƙaƙe a makaranta guda sun riƙa kafa hujja da abin da rahoton ya gano game da abokan karatu. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Swann, ta amince da jigilar ɗalibai a motocin bas daga wata unguwa zuwa wata don kawar da wariya.

A 1975 Coleman, tare da Sara Kelly da John Moore, ya fitar da Trends in School Segregation, 1968–73 a ƙarƙashin cibiyar Urban Institute. Binciken ya ce a manyan birane, matakan haɗa makarantu sun ƙara saurin ƙaurar iyalai fararen fata zuwa unguwannin bayan gari, har wariyar ta koma tsakanin birni da kewayensa. Pettigrew da Robert Green sun soki yadda aka zaɓi biranen da kuma yadda Coleman ya riƙa magana da 'yan jarida. Shugaban Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Amurka na lokacin, Alfred McClung Lee, ya nemi a ladabtar da shi, amma yunƙurin bai yi nasara ba. Daga baya wannan ƙungiya ta zaɓi Coleman shugabanta, ya riƙe muƙamin daga 1991 zuwa 1992.

Makarantun gwamnati da masu zaman kansu

A 1980 Cibiyar Ƙididdigar Ilimi ta Ƙasa ta ƙaddamar da binciken High School and Beyond, wanda cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta gudanar. Ya ƙunshi ɗalibai kimanin 58,000 'yan aji 10 da aji 12 a makarantu 1,015, kuma an ci gaba da bibiyarsu a shekarun da suka biyo baya, abin da binciken 1965 bai yi ba.

Daga waɗannan bayanai Coleman, Thomas Hoffer da Sally Kilgore suka rubuta High School Achievement na 1982. Sun ce ɗaliban makarantun Katolika sun fi takwarorinsu na makarantun gwamnati maki ko da an daidaita matsayin iyaye, kuma tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa ta fi ƙanƙanta a can. Sun danganta hakan da tsauraran ƙa'idoji, yawan aikin gida da darussa masu nauyi. Masu suka, ciki har da Arthur Goldberger, Glen Cain, Karl Alexander da Aaron Pallas, sun ce iyayen da ke biyan kuɗin makaranta sun bambanta da sauran ta fuskokin da takardar tambayoyi ba ta kamawa, kuma fifikon ƙarami ne idan aka yi la'akari da makin da yaro ya shigo da shi. Mujallun Harvard Educational Review da Sociology of Education sun ba muhawarar fili mai yawa. A 1987 Coleman da Hoffer suka fitar da Public and Private High Schools, suka yi amfani da bayanan bibiya, suka kuma mayar da hankali ga al'ummar da ke kewaye da makaranta.

Jarin zamantakewa

Maƙalar Social Capital in the Creation of Human Capital ta fito a 1988 a wata fitowa ta musamman ta juzu'i na 94 na mujallar American Journal of Sociology. Jarin zamantakewa, a bayanin Coleman, shi ne amfanin da ke cikin alaƙar mutane, wanda ke ba su damar cim ma abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ya kasa shi gida uku: amana da bashin alheri tsakanin mutane, hanyoyin samun labari, da ƙa'idojin da jama'a ke tsawatarwa idan an karya su. Ya kawo misalin dillalan lu'ulu'u a New York da ke miƙa wa juna jakar duwatsu masu tsada ba tare da takarda ba, da 'yan kasuwar Khan El Khalili a Alƙahira, da ƙungiyoyin adashe, inda kowa ke zubi bisa amanar cewa wanda ya riga ya kwasa ba zai gudu ba.

A ɓangaren ilimi ya yi amfani da bayanan High School and Beyond don duba barin makaranta tsakanin aji 10 da aji 12. Adadin ya kai kashi 14.4 cikin 100 a makarantun gwamnati, kashi 11.9 a sauran makarantu masu zaman kansu, da kashi 3.4 a makarantun Katolika. Yaran da iyalinsu ke yawan sauya wurin zama sun fi barin makaranta. Bayaninsa shi ne, inda iyayen yara suka san juna kuma suna haɗuwa, kamar a majami'a, sukan iya sa ido tare su tsayar da ƙa'ida guda.

Coleman ba shi ya ƙirƙiri kalmar ba. L. J. Hanifan ya yi amfani da ita a 1916, Glenn Loury a 1977, Pierre Bourdieu na Faransa kuma ya ba ta tasa ma'ana a shekarun 1980. Maƙalar Coleman ce dai ta haɗa ta da alƙaluman bincike ta hanyar da wasu za su iya kwaikwaya. Ya faɗaɗa batun a Foundations of Social Theory na 1990, littafi mai shafi kusan dubu, wanda ya yi ƙoƙarin bayyana yadda zaɓin ɗaiɗaikun mutane ke haɗuwa ya zama tsarin al'umma. A 1989 ya kafa mujallar Rationality and Society.

Yawan ambato da ma'anarsa

Ambato shi ne wani marubuci ya kawo sunan wani aiki a jerin abin da ya dogara da shi. Eugene Garfield ya fara buga kundin ƙidayar ambato na fannonin kimiyya a 1964, na fannonin zamantakewa kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Google Scholar da Scopus sun fito a 2004, ma'aunin h na Jorge Hirsch a 2005. Don haka yawancin alƙaluman da ake kawowa game da Coleman an lissafa su ne bayan rasuwarsa.

Ambaton ayyukansa ya taru a kan kaɗan daga cikinsu. Maƙalar 1988 ita kaɗai an ambace ta sau dubun-dubata a Google Scholar, haka ma littafin 1990. Adadin yana sauyawa kullum, kuma na Google Scholar ya fi na Web of Science da Scopus yawa, domin yana ƙirga littattafai, kundayen digiri da rahotanni. Ambaton maƙalar ya ƙaru sosai bayan Robert Putnam ya yaɗa batun jarin zamantakewa a littattafansa na 1993 da 2000, kuma Bankin Duniya ya shigar da shi cikin nazarin raya ƙasa. Masu ambatonta a yau sun haɗa da masana tattalin arziki, lafiyar al'umma, siyasa da harkar kasuwanci, waɗanda da yawansu ma'anar kalmar kawai suke ɗauka, ba ruwansu da alƙaluman barin makaranta. Alejandro Portes, a wata maƙala ta 1998, ya soki ma'anar da Coleman ya bayar da cewa ta yi faɗi har ta haɗa tushen abu da sakamakonsa.

Akwai dalilan da ke sa ƙidayar ba ta zama cikakken ma'aunin tasirinsa ba:

Ambato bai nuna yarda ba. Maƙalun Bowles da Levin, da na Pettigrew da Green, da na Alexander da Pallas, duk suna ƙara masa adadi alhali sukarsa suke yi.

Manyan ayyukansa littattafai ne da rahotannin gwamnati, su kuwa tsofaffin kundayen ƙidaya maƙalun mujallu suka fi bi. Rahoton 1966 ana rubuta shi ta hanyoyi daban-daban, wani da sunan Coleman, wani da sunan Ofishin Ilimi na Amurka, sai adadin ya rarrabu.

Kundayen da aka buga a takarda sunan marubuci na farko kawai suke sakawa. Saboda haka ambaton Union Democracy yana tafiya ga Lipset, na Rahoton 1966 kuma yana tafiya ga Coleman shi kaɗai, ba a ganin sauran mutum shida. Merton ya yi bayanin irin wannan a 1968: idan aka yi aiki tare, wanda ya riga ya yi suna shi ke kwashe yabon.

Akwai ruɗanin suna. James Smoot Coleman, wanda ya rasu a 1985, masanin kimiyyar siyasa ne a Jami'ar California da ke Los Angeles. Shi ya rubuta Nigeria: Background to Nationalism na 1958, ya kuma tace Education and Political Development na 1965. Dukkansu biyu suna sa hannu da James S. Coleman, kundayen kuma suna taƙaita suna zuwa haruffan farko, don haka ayyukansu kan cakuɗe a sakamakon bincike. Ɗaliban tarihi da siyasa a Najeriya sun fi cin karo da na biyun.

Abin da ya zama sananne a fanni yakan daina samun ambato. Masu bincike da yawa suna cire tasirin matsayin iyaye kafin su kwatanta makarantu ba tare da sun kawo sunan kowa ba. Haka kuma amfanin da kotuna, majalisu da ma'aikatu suka yi da ayyukansa ba ya shiga ƙidayar mujallu.

Da rahoton ya cika shekara 50 a 2016, mujallar Education Next da mujallar Gidauniyar Russell Sage kowacce ta keɓe masa fitowa guda, inda aka sake auna sakamakonsa da sababbin bayanai.

Karramawa da rasuwa

An zaɓi Coleman mamba a Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1972. Ya shugabanci kwamitin da ya ba fadar shugaban ƙasa shawara a kan matasa, wanda rahotonsa mai suna Youth: Transition to Adulthood ya fito a 1974. Ya rasu a Chicago ranar 25 ga Maris, 1995, yana da shekara 68, bayan fama da ciwon daji. Sashen nazarin ilimi na Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Amurka yana ba da lambar yabo mai sunansa ga maƙala mafi inganci, sashen lissafi na ƙungiyar kuma yana ba da wata mai sunansa ga wanda ya daɗe yana yi wa fannin hidima.